A Buga Dodo, a Wanke Hoto

Har yau Bahaushe wanke hoto yake yi. Mace ta shiga shagon mai hoto da waya a hannu, ta ce, “Malam, ga hotunan sunan nan, a wanko mini guda goma.” Mai shago ya karɓa ta WhatsApp, ya danna, ƙaramin injin da ke kan tebur ya turo takardu a bushe ƙamas. Ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba. Amma ka ce mata buga su aka yi, sai ta yi maka kallon baƙo. Katin biki ake bugawa, da kalanda, da littafi. Hoto kuwa wanke shi ake yi.

Kalmar tana da hujjarta. A ɗakin duhu, bayan an haska takarda, faranti uku take bi. Na farko shi ke fito da hoton: ka tsoma farar takarda, ka riƙa girgiza farantin a hankali, cikin minti ɗaya ko biyu fuska ta bayyana. Na biyu ruwa ne mai tsami da ke tsayar da aikin na farko. Na uku ya narkar da sauran sinadarin azurfar da haske bai taɓa ba, don kada takardar ta ci gaba da yin baƙi idan an kunna fitila. Daga nan sai ɗauraya da ruwan famfo, sai shanya a igiya. Duk wanda ya leƙa ya ga haka, me zai kira shi in ba wanki ba?

Ba mu kaɗai muka gan shi haka ba. Sinawa da kalmarsu ta wanki suke faɗar sa. Mutanen Indonesiya su ce “cuci foto”, wankin hoto sak. Masu Suwahili su ce “kusafisha picha”, tsabtace hoto. Turawan da suka ƙirƙiro aikin kuwa wani wuri suka duba. “Develop” ta Ingilishi daga Faransanci take, asalinta warware abin da ke naɗe. Ruwan farantin farko Faransawa “révélateur” suke ce masa, mai bayyanawa, ko in ka so, mai tonon asiri. Su suna maganar abin da ke faruwa cikin takarda, mu muna maganar abin da hannu yake yi.

Larabawa suka ce “tahmid”. Kada a haɗa shi da tahmidin godiya ga Allah, wanda ke ƙarewa da dalun. Wannan da lodi yake ƙarewa, daga kalmar tsami. Da ta bakin malamai ya shigo mana, da tahamili muke cewa, yadda “darura” ta zama larura. Abin dariyar shi ne ruwan da ke fito da hoton ba shi da tsami ko kaɗan. Ɓangaren kanwa yake. Sinadarin da ke ba shi ƙarfi a yawancin magungunan wanke takarda yana nan cikin kanwar da ake jefawa a tukunyar wake. Tsamin sai a faranti na biyu. Larabci ya ɗauki halin mai tsayar da aiki ya raɗa wa aikin duka.

Faranti na uku ma yana da tarko. Masu hoto “hypo” suke ce masa, guntun wani tsohon suna da masana sinadarai suka ajiye tuni. John Herschel na Ingila ya gano tun 1819 cewa yana narkar da gishirin azurfa, shekara 20 kafin masu hoto su zo su mori ganowar. A Nijeriya kuwa, ka aiki yaro ya sayo Hypo, ruwan hasken farin kaya zai kawo maka, wanda shi ma daga sunan nasa sinadarin aka gutsuro shi. Suna ɗaya, dukansu na wanki, amma zuba na kanti a kan hoto ka ga yadda fuska za ta salwanta.

Abin da ya tayar da wannan tone-tone shi ne wata al'ada da ta kafu tsakanin masu hoton baƙi da fari a Amurka da Turai tun bayan 1990: haɗa kwamfuta da ɗakin duhu a hoto guda. Hanya biyu ce. Ko a ɗauka da fim, a wanke fim ɗin, a shigar da shi kwamfuta da sikana, a buga da tawada. Ko kuma a juya, a ɗauka da kyamarar dijital, a gyara a kwamfuta, sannan a koma ɗakin duhu da faranti. Ta biyun ce ta fi hautsina sunaye.

Turawa “hybrid” suke ce wa wannan haɗi, kalmar Latin da aka ce asalinta sunan ɗan da aka samu tsakanin aladen gida da na daji. Mu muna da wadda ta fi ta tsabta, ta kuma fi dacewa: ruwa biyu. Mun saba faɗar ta ga wanda iyayensa suka fito daga jinsi daban-daban, amma a nan ta zauna daram har a zahiri, don ruwa biyun ne: ruwan tawada da ruwan magani.

Gadar da ke tsakanin ruwan biyu shi ne dodo. Herschel ɗin nan ne ya sa masa suna “negative” a 1840, kishiyarsa kuma “positive”, kalmomin masu lissafi. Suna ne mai sanyi, na wanda ya fahimci ƙa'ida. Bahaushe ya ɗaga fim ɗin sama ya duba, ya ga mutum da farar fuska, baƙaƙen haƙora, farin gashi, ƙwayar ido fara fat, ya ce dodon hoto. A ganina wannan ya fi faɗar abin da ido ke gani. Kuma akwai dodon da ba a taɓa mayar da shi hoto ba amma muke kiran sa hoto: na asibiti. In an ce an yi wa mutum hoton ƙirji, dodo likita yake karantawa kai tsaye.

Wanda ya koyi sana'ar da Faransanci, a Yamai ko Damagaram, kilishe zai ce. Ba kilishi ba, ko da yake dukansu shanya su ake yi. “Cliché” kalmar maɗaba'a ce tun asali, sunan farantin ƙarfen da ake zubawa don a buga shafi ɗaya sau dubbai. Masu hoto suka are ta, tun da dodo ɗaya ma yana haifar da hotuna da yawa. Wato daga gidan bugu ta tafi gidan wanki. Yanzu da ake buga dodo da tawada, kalmar ta dawo gidan ubanta ba tare da kowa ya aika mata ba.

To me ya kai mutum ga buga dodo? Girma. Akwai tsofaffin hanyoyin wanke hoto da ba sa yarda da injin ƙara girma. Mafi daraja a cikinsu shi ne na filatinam, wanda William Willis ya yi wa rajista a Ingila a 1873. Sunan ƙarfen daga Sifananci yake, “platina”, 'yar ƙaramar azurfa, sunan raini ga abin da ya zo ya fi azurfa tsada nesa ba kusa ba. Takardar filatinam ba ta jin hasken ƙwai na injin ƙara girma; sai hasken rana ko fitila mai irin wannan ɓoyayyen hasken da ke ƙona fata. Dole a manna dodon a jikin takarda, a danne da gilashi, a haska. Girman dodo shi ne girman hoto, babu ƙari. Haka Seydou Keïta na Bamako ya riƙa ba mutane hotunansu bayan ya buɗe shago a 1948: dodonsa santimita 13 da 18, hoton ma 13 da 18. Manyan da ake gani a gidajen nuni sai daga baya aka wanko su a Turai. A da, mai son babban hoton filatinam sai ya saɓi ƙatuwar kyamara, ko ya sha wahalar kwafar ƙaramin dodo zuwa babba. Yau sai ya buga shi daidai girman da yake so.

Dan Burkholder, Ba'amurke, shi ya fitar da littafi a kan wannan dabara a 1995, da sunan “digital negative” a bangonsa. A 2004 kamfanin Adobe ya fito da wani tsarin ajiye hoto a kwamfuta, ya sa masa wannan sunan daidai, a taƙaice DNG. Sai aka samu dodon dijital biyu. Ɗaya leda ce da za ka riƙe ka ɗaga sama, ka ga baƙaƙen haƙora. Ɗayan fayil ne da babu abin da aka juya a cikinsa, fari na nan fari. An ce masa dodo ne kawai don shi ne uwa, daga gare shi sauran ke fita. Na farko ya ci sunan da kama, na biyu da matsayi. Da ni ake tambaya, sai in ce wa na farko dodon bugu, na biyu kuma uwar hoto, a huta.

Ga yadda ake yin na farkon. Ka buɗe hoton a kwamfuta, ka juya shi fari ya koma baƙi. Ka sake juya shi dama ta koma hagu, domin fuskar da tawada take ita za ta kwanta a kan takarda. Ka buga a kan leda mai garai-garai, wadda har yau a kwalinta ake rubuta OHP, sunan majigin da malaman jami'a ke ɗora rubutu a kai su haska a bango. Majigin ya kusa ƙarewa a duniya, ledarsa ta samu sabuwar sana'a. Majigi ma, a wuce da ita, daga “magic” muka samo ta, wato fitilar sihiri. Ka bar tawadar ta bushe sosai, in ba haka ba ta manne a takarda ta ɓata maka duka biyu. Abin mamaki kuma, dodon hoton baƙi da fari sau da yawa ba baƙi yake fitowa ba. Kore ne, ko ruwan goro, ko rawaya-rawaya, saboda wasu launukan tawada sun fi baƙar tare wannan ɓoyayyen hasken.

Kafin bugun akwai abin da suke kira “curve”, lanƙwasa. Kwamfuta tana raba tsakanin baƙi ƙirin da fari fat zuwa mataki 256, ko 65,536 in an zurfafa. Takardar magani ba ta san wannan adalcin ba: takan dunƙule matakan duhu wuri ɗaya, ta haɗiye na haske. Sai mai aiki ya buga tsani na ruwan toka daga fari zuwa baƙi, ya wanke, ya auna kowane mataki, ya lanƙwasa layin a kwamfuta har tsanin ya fito daidai. Kalmar ta girmi kwamfuta. Ferdinand Hurter da Vero Driffield ne suka zana lanƙwasar farko a Ingila a 1890, suna auna yadda azurfa ke amsa haske. Ka lura kuma, sunan baƙi da fari ma rabin gaskiya ne. Kusan duk gumin mai aiki a kan ruwan toka yake zuba.

Shi kansa “baƙi da fari” suna ne na bayan fage. Lokacin da babu hoto mai kala, hoto kawai ake cewa. Haka Faransawa ba su damu da kiran hotonsu “argentique”, na azurfa, ba sai da “numérique”, na lamba, ya zo ya zauna kusa da shi. Ingilishi ya ɗauko “digital” daga Latin, yatsa, abin ƙirgan farko. Larabci ya ce “raqmi”, shi ma na lamba. Mu muka karɓi dijital yadda ta zo, ba mu tambayi yatsun ba. Azurfa kuwa tun da daɗewa muka karɓo ta daga Buzaye. Kyamarar dijital ta farko, wadda Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak a 1975, baƙi da fari take ɗauka, kuma sakan 23 take yi kafin ta zuba hoto ɗaya a kaset.

Sunayen da suka fi ba ni sha'awa su ne na gyara. A ɗakin duhu komai a juye yake: inda haske ya fi daɗewa, nan ya fi baƙi. In fuskar mutum za ta yi duhu da yawa, sai mai wanki ya ɗauki siririyar waya mai ɗan zagayen kwali a kanta, ya riƙa kaɗa ta tsakanin fitila da takarda, yana tare hasken na 'yan sakanni. Kaɗawar dole ce, in ya tsaya cak inuwar kwalin za ta fito. In kuma sararin sama ya yi fari fayau, sai ya dunƙule hannu ya bar 'yar kafa, ya ƙara wa wurin haske shi kaɗai. Ingilishi ya kira na farko “dodge”, gocewa, na biyu “burn”, ƙonawa. Jamusanci ya fi lura da hannu: “abwedeln”, fifita. Wanda ya taɓa ganin ana kaɗa kwalin nan ya san fifitar ce.

Buɗe Photoshop, wanda ya fito a 1990, ka duba jerin kayan aikinsa. Za ka ga ɗan zagaye a kan tsinke, za ka ga dunƙulallen hannu mai kafa. Miliyoyin mutane na danna su kullum, akasarinsu ba su taɓa shiga ɗakin duhu ba, wasu ma alawar tsinke suke zaton na farkon. Jan launin da manhajar ke shafawa inda aka rufe, shi ma gado ne daga wata jar leda da masu maɗaba'a ke yankawa su rufe abin da ba sa so haske ya taɓa. A fassarar Faransanci ta manhajar an bar gocewa da ƙonawa, aka ce “Densité moins” da “Densité plus”, rage kauri da ƙara kauri. Daidai ne, amma babu hannun mutum a ciki.

Ɗakin ma ya bi su. A 2007 Adobe ya fitar da Lightroom, ɗakin haske, tsokana ga ɗakin duhu. Amma kyamara ita kanta ɗaki ce. “Camera” a Latin ɗaki mai rufin baka, irin ɗaurin guga, daga Girkanci. Johannes Kepler ya rubuta “camera obscura”, ɗaki mai duhu, a 1604, yana nufin ɗakin da haske ke shiga ta ƙaramar kafa ya zana abin da ke waje a bango, a kife. Ibn al-Haisam ya yi gwaje-gwaje da irin wannan ɗaki a Alƙahira ƙarnuka kafin nan. Ana yawan cewa daga “qumra” ta Larabci kyamara ta fito. Girman Ibn al-Haisam ba ya bukatar wannan ƙarin gishiri, don kalmar Latin ɗin ta riga shi da fiye da shekara 1,000. A Faransanci har yau “chambre noire” ɗaya ce ga ɗakin Kepler da ɗakin wanki.

Sai babbar gardama: hoton da ya fito, yaya za a rubuta a ƙarƙashinsa? A nan kuɗi ke magana, don masu saye sun fi daraja abin da ya bi ta faranti. Gidajen tarihi kan rubuta “gelatin silver print” ga na gargajiya, wato azurfa cikin daskararren romon fata da ƙashin shanu, dabarar da Richard Maddox ya bayyana a 1871. Masu tawada suka ga sunan injinsu ya yi kama da na ofis, sai suka nemi na ado. A 1991 Jack Duganne, mai buga zane a Kaliforniya, ya ɗauko “giclée” daga Faransanci. Ma'anarta tsartuwa. Bafaranshe in ya ji takan ba shi murmushi, amma a kunnen mai saye a Amurka ta yi kama da sunan turare.

Kamfanonin takarda suka bi sahu. Takardar wanki mai kyau tana da farin shafe a ƙarƙashin azurfarta da ake kira “baryta”, daga kalmar Girkanci mai nufin nauyi. Shi ne farin ruwan da ake ba mutum ya sha kafin a yi masa hoton hanji. Yanzu akwai takardun tawada masu wannan shafe da wannan suna, don hoton bugu ya yi sheƙi da nauyin na wanki a hannu.

Ingilishi da kalma ɗaya yake fama, “print”, ga na tawada da na magani, shi ya sa yake ta jero siffofi a gabanta. Faransanci yana da “tirage” da “impression”, ko da yake 'yan kasuwa sun fara cakuɗa su. Hausa na da bugu da wanki, kuma iyakar da ke tsakaninsu a fili take: in tawada aka zuba a kan takarda, bugu ne, in haske ya taɓa magani, aka tsoma a ruwa, wanki ne. Da wannan awon, aikin ruwa biyu jimla ɗaya ce, a buga dodo a wanke hoto. Akwai kuma injuna irin su Lambda na kamfanin Durst da ke zana fayil kai tsaye a kan takardar azurfa da hasken lesa, sannan a bi da ita cikin magani. Wannan wanki ne cikakke, sai dai ba shi da dodo.

Aikin Sebastião Salgado, ɗan Brazil, ya fi duka wuyar suna. Ya fara babban aikinsa mai suna Genesis a 2004 da fim. A 2008 ya koma kyamarar dijital, musamman saboda injunan binciken kaya na filayen jirgi da ke lalata masa fim a tafiye-tafiye. Amma bai bar tsohuwar ɗabi'a ba. A lokacin, akan fitar masa da ƙananan hotuna a jere a kan takarda ya duba da madubin ƙara girma. Akan ƙara wa fayil ɗin tsaba irin ta fim ɗin Tri-X da ya saba da shi. Wanda ya zaɓa sai a mayar da shi dodo a kan fim na gaske, a shiga da shi ɗakin duhu. Wanki biyu ke nan, na fim da na takarda, babu tawada ko ɗaya, ga dodon da bai taɓa kwana cikin kyamara ba, yana ɗauke da tsaba iri biyu, wadda kwamfuta ta zana da wadda azurfa ta haifa. Tun da ba buga shi aka yi ba, dodon bugu bai kama shi ba. Ni dai dodon riƙo zan ce masa, don kwamfuta ce ta haife shi, fim ya rene shi.